Murhun Marka da Lallen Ɓarawo

Da sunan Allah wanda ya halicci yumɓu ya halicci wuta, ya sa ɗaya tana gasa ɗaya, ya kuma halicci mai saye da mai sayarwa ya bar su su ƙarata. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda ya yi fatauci bai taɓa tauye mudu ba.

Bayan haka, ni ce Marka, maginiyar tukwane, matar marigayi Korau, mutuniyar Tsandauri. Karatuna bai wuce na salla ba, rubutun nan ma da girma na koya, saboda haka wanda ya ga alƙalamina yana tafiyar jaki mai kaya ya yi haƙuri, zai kai. Amma a ciniki ba na ba kowa haƙuri. Ban taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa mini ba. Likkafanin Korau ma sai da aka rage.

Tsandauri ƙasa ce fara fat, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Tana da yumɓu, tana da gishiri, tana da ranar da za ta ishi ƙasashe uku, amma ba ta da bishiya ko ɗaya. Yaro yakan girma har ya yi gemu bai taɓa ganin ganye sama da kansa ba. Itacen girki daga nesa ake kawo mana shi bisa jakunan Kamfanin Ayari Tara, a sayar mana da shi kamar turare. Mace takan sami tsaba ta rasa abin dafa ta.

Cikin takaba abin ya zo mini. Ba fita, ba kasuwa, sai ni sai yumɓu sai wutar da nake wa kallon ƙurilla tana cinye mini itace. Na lura wuta baƙuwa ce marar kunya, tana shigowa tana neman ƙofar fita. Sai na ce bari in gina mata gidan da za ta ɓata a ciki. Na gina na rushe, na gina na rushe, har ranar da na tuƙa tuwon gida guda da karan dawa ɗaya tak, na kuma ɗora ruwan wanka da abin da ya rage. Iyakar abin da zan faɗa game da cikin murhun ke nan, domin mai karatu bai biya ba.

Murnata ba ta kwana ba. Na ga in na kai shi kasuwa, wadda ta fara saye za ta fasa shi ta leƙa cikinsa, kasuwa mai zuwa kowace maginiya ta zo da nata, ni kuwa a bar ni da sannu. Abin da ke cikin kai haka yake, in ka nuna shi ya tafi, in ka ɓoye shi ba mai saye. Don haka na ɗauki taɓarya na farfasa murhun na niƙe shi ya koma gari. Na sami duwatsun girki uku na naɗe su da tsumma, na ɗaure da igiya tam, don ɓarayin hanya su sami abin sa wa ido. Na ɗora bisa gammo na nufi Dutsen Alƙalai, inda aka ce akwai Gidan Hatimi mai tsare wa mutum abin da ya ƙirƙira.

Na tarar da gidan da tsakar gida mai faɗi, da wani dutse a tsakiya. Dokarsu ita ce, mai neman hatimi ya hau dutsen ya bayyana abinsa dalla-dalla da babbar murya, wai don in akwai wanda ya riga shi ya tashi ya yi magana. Bayan nan sai ya sauko ya jira. Kewaye da dutsen kuwa maƙera ne da masassaƙa da magina zaune bisa buzaye, kowa ya kafa kunne, wasu ma da kayan aikinsu a gefe don kada su makara.

A layin jira na zauna kusa da wani tsoho. Ya ce mini da baƙin gashi ya hau dutsen nan, ya bayyana wani guga da ba ya yoyo. Na tambaye shi ina gugan. Ya nuna mini rijiyar gidan, ga shi nan rataye, kuma in zai sha ruwa biya yake yi. Amma ya ce bai fid da rai ba, an tabbatar masa takardarsa ta kusa kai hannun wanda zai miƙa ta ga wanda zai duba ta.

Na je wurin magatakarda na tambaye shi ko akwai wata hanya. Ya ce akwai, Kamfanin Ayari Tara na Birnin Kirya yana da hatimi na dindindin, duk abin da ya ƙera ba mai ikon kwaikwayo a ƙasashe bakwai. Ya dubi ƙunshin da ke kaina ya ce in ba shi labarin abin a taƙaice, ya ga ko ya cancanci wahalar tafiya. Na ce masa duwatsu ne. Ya yi dariya ya ce lallai na iya ɓoye magana.

Za ka ce wace irin mace ce za ta kai wa mai sayar da itace murhun da ba ya cin itace. Na yi wannan tunanin tun kafin kai. Amma wani kamfanin babu, kuma na lissafa cewa ɗan kasuwa ya fi son abu ya kasance a hannunsa da ya gan shi hannun wani. A nan ban yi kuskure ba.

Na bi ta ƙasar da duwatsunta ke gumi da rana, na bi ta garin da ake hayar inuwa, na ƙi biya na wuce cikin rana da girmana. Daga nan na iso Kogin Raɗa. Ruwansa ba ya ƙara irin ta ruwa, sai ƙus-ƙus kamar mata a bayan ɗakin amarya. Mai fito ɗaya ne, wani dogo mai suna Dantani, kuma ba ya karɓar wuri. Kogin ba ya ɗaukar jirgi sai an ba shi asiri, ya tafi da shi, mutanen gangare su sha su sani.

Dantani ya dubi ƙunshina ya ce wannan ya isa fito har da komowa. Na ce albarka. Na taya masa da cewa Korau, wanda Tsandauri duka ke kira Maganin Maza, tsoron kaza yake ji, in ta yi kwanci ta bayan gida yake zagayawa. Allah ya jiƙansa, ya yi mini amfani a raye, ya yi mini a mace. Dantani ya ce asirin matacce ba shi da nauyi, amma in hau mu gani.

Muna kaiwa tsakiya jirgi ya tsaya cak, ruwa ya fara lasar bakinsa. Dantani ya ajiye filafili ya ce, "Iya, kuɗinki ya ƙare. Ki ƙaro, ko mu sauka a nan."

Na dube shi da kyau. Mutumin da ya tsufa bisa ruwa, amma ga shi ya ƙanƙame gefen jirgi har jijiyoyin hannunsa sun fito, idonsa na kan ruwan da ke shigowa, ba kan ƙunshina ba. Na sunkuya na ce wa kogin, "Sarkin fito bai iya iyo ba." Jirgin ya zabura kamar an tsikare shi, bai tsaya ba sai da ya hau tudu. Na sauka na tambayi Dantani ko akwai canji. Ya juya jirginsa ya yi tafiyarsa.

Tun da sauran tafiya mai nisa na hango Birnin Kirya, ko in ce na hango kiryar, domin birnin duka a gindin bishiya ɗaya yake. Mahayi yakan shiga inuwarta da hantsi bai fita ba sai azahar. Masu saran itace a kanta ake haifarsu, a kanta suke aure, wasunsu ba su taɓa taka ƙasa ba. In aka sare reshe yau, kafin a gama ɗaure shi wani ya tsiro. Ni da ban taɓa ganin bishiya ba, na tsaya na dube ta sama da ƙasa, na ce a raina, ashe abin da ake sayar mana kamar turare ke nan.

Kamfanin na mutum tara ne, kowa da ayarinsa, amma mai magana da yawunsu shi ne Madugu Arzika, wani gajere mai sanyin murya, wanda in yana yi maka murmushi sai ka taɓa aljihunka. Ya tarbe ni da kansa a zaure. Na gaya masa abin da murhuna ke yi, ban gaya masa yadda yake yi ba. Ya ce madalla, amma al'adar gidan ce baƙo ba ya shiga majalisa ranar da ya iso. In ajiye kayana a ɗakin amana, a zaga da ni in ga gari, in ci abinci, gobe a zauna. Ya dafa ƙirji ya ce tun da aka gina ɗakin nan ko ƙuda bai taɓa sauka kan kayan baƙo ba.

Na ce to, a ba ni wuri in gyara ɗaurin. Da na kaɗaita na ciro wani ƙullin gari daga lalitata na barbaɗe igiyar da tsumman. Garin nan ni na haɗa shi tun ina amarya, lokacin da naman miyata ya riƙa raguwa ba a san dalili ba. A bushe ba shi da launi, ba shi da wari. Amma ya haɗu da gumin hannu, kafin wani lokaci hannun ya koma kore shar, sabulu ba ya fid da shi, toka ba ta fid da shi, sai wata da watanni fata ta saɓe. Lallen ɓarawo nake ce masa. Marigayi ya taɓa zuwa Idi da hannu cikin aljihu.

Aka zaga da ni, aka ciyar da ni har na ji kunyar cikina. Da la'asar na koma na tarar da ƙunshina yadda na bar shi, ɗaurin ma ya fi nawa kyau.

Da safe aka shigar da ni majalisa. Ga su su tara a jere bisa kilisai, ana zafi kamar bakin tanda, amma kowa ya cusa hannuwansa cikin hannun riga kamar mai jin sanyi. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi iyali, na tambayi jakuna. Sannan na kwance goron da na saya musamman, na ce a garinmu baƙo ba ya buɗe baki sai ya ba masu gida goro hannu da hannu. Na fara da Madugu. Ya ce in ajiye a faifai. Na ce ai ni ba baiwa ba ce da za a ƙi karɓar abu daga hannuna, in kuwa goron bazawara ne ba a so, sai in kwashe kayana in koma. Na tsaya da goron a miƙe.

Ya fito da hannun. Kore har wuyan hannu. Na bi sauran, babu wanda ya tsira, wani ma har a gefen hanci. Abin da ya ba ni dariya, ashe ba tare suka shiga ba. Kowa ya saci jiki ya je shi kaɗai, yana tsammanin ya riga 'yan'uwansa. Suka riƙa satar kallon hannun juna.

"Iya," in ji Madugu, "mun duba ne don tsaro. Kin san zamani."

"Allah ya ja zamanin Madugu, ai na gode. Duwatsun suna nan lafiya?"

Daga nan ciniki ya zama nawa. Na ce a ba ni ɗaki mai ƙofa ɗaya marar taga, da yumɓu, da ruwa. Na gina murhun, na lulluɓe shi da tulin laka har ba a ganin komai sai bakin wuta da mazaunin tukunya. Da ya bushe na kira su, na ce su zaɓo kara ɗaya da kansu. Na tuƙa tuwon da ya ishe su da barorinsu. Suna cikin lasar korayen yatsunsu na ɗauki taɓarya na ragargaza murhun a gabansu, na tattake garin. Na ga hawaye a idon Madugu, na ɗauka na takaici ne.

Suka taya, na ce albarka. Suka ƙara, na ce albarka. Na tashi na ɗaura gyale har sau nawa ana riƙo ni. A ƙarshe na faɗi nawa: gida mai rijiya a cikin birni, kashi ɗaya cikin goma na kowane murhu da aka sayar, da tambarin yatsuna uku a goshin kowanne, don a san Marka ce. Su kuma suka ce zan koya wa babban magininsu shi kaɗai, daga nan ba ni ba gina shi, ba ni ba faɗa wa kowa, har abada.

Aka rubuta. Ni da takarda ba mu saba ba, amma na san mutane. Na bincika na samo malamai biyu a garin da ba sa ga maciji, ko jana'iza ɗaya ba sa tsayawa. Na kai wa na farko ya karanta mini, na kai wa na biyu na ce wane ya ce ga abin da ke ciki. Ya bi ta baƙi-baƙi yana neman inda abokin gabansa ya yi ƙarya, bai samu ba, ransa ya ɓaci. Da na ga ransa ya ɓaci sai hankalina ya kwanta. Na dangwala yatsa, na ce na sallama.

Madugu ya yi hamdala. Sannan ya karkata kai ya yi murmushin nan nasa.

"Iya, an ce mutanen Tsandauri ba sa sallamar mai saye hannu wofi. Ina gyara?"

Wanda bai san Tsandauri ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. A wurinmu ka matsa wa mai saye har ya yi kuka, wannan ciniki ne. Amma ka hana shi gyara, wannan talauci ne na zuciya, kuma ana gorantawa har jikoki. Kakata ta taɓa sayar da randa ɗaya da ta rage mata, aka nemi gyara, ta cire ɗankwalinta ta bayar. Ni kuwa ga ni na kayar da attajirai tara a gaban barorinsu, sai a ce na kasa gyara? Na tambaye shi me yake so. Ya dubi hannunsa ya ce ba wani abu ba, ɗan garin lallen nan na wasa, don ya riƙa tsokanar jikokinsa. Na faɗa masa haɗin a tsaye, ban ko zauna ba. Ko yau aka sake, zan bayar. Ba a haifi wanda zai ce 'yar gidanmu ta hana gyara ba.

Na tare a gidana mai rijiya. Na koya wa magininsu, mutum mai hannu, ya iya. Na zauna jiran murhu ya fito kasuwa. Rani ya wuce, damina ta wuce. Na tambayi maginin, aka ce an ƙara masa girma, an tura shi wani tsibiri ya zama wakilin kamfani, tsibirin da babu yumɓu babu mutane. Na je wurin Madugu, ya ce ana shiri. Na koma wurin malaman nan biyu, a karon farko a rayuwarsu bakinsu ya zo ɗaya: takarda ta ce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka sayar, ba ta ce za a sayar ba. Sai a lokacin na gane hawayen Madugu. Mutum ne ya ga abin da zai kashe masa kasuwa, ya kuma ga an miƙo masa shi ya binne.

Lallen ɓarawo kuwa bai ga tsibiri ba. Ashe babbar asarar kamfanin ba ta 'yan fashi ba ce, ta 'yan zare ce: mai jaki ya zari ice, mai gadi ya zari biyu, ɗan dako ya ɗebi gishiri. Yanzu kowane ɗauri sai an barbaɗe shi, mai saye ya yanke igiyar da wuƙa a gida ya ƙone ta. Suka buga masa hatiminsu, suka sa masa suna Amanar Tara. Fatake na haya, sarakuna na aikowa a barbaɗe musu taska. Suka ƙara benaye. Ni kuwa ina gidana mai rijiya, ina girki bisa duwatsu ukun da na ɗauko tun daga Tsandauri, da itacen kamfani, domin na rantse ba zan gina murhuna ba ko a ɗakina.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba ya faru ne wata safiya a ƙofar gidana. Na tsayar da mai jakin itace, muka yi ciniki, na matse shi yadda ya kamata, na biya. Na ce ina gyara. Ya ce, "Ayya Iya, ai babu gyara yanzu. Ɗauri a rufe yake, in na zaro miki ko tsinke hannuna zai nuna. Kamfani ya hana." Ya ce ba a nan kaɗai ba, har Tsandauri.

Na tsaya da itacen a hannu. Wato gyaran da na bayar shi ya kashe gyara a ƙasashe bakwai.

Akwai tambayar da mutum tara masu wayo ba su yi mini ba, domin sun saba sa wasu su kwance musu kaya. Ba wanda ya ce, ke Marka, da kike barbaɗa garin nan da hannunki tun kina amarya, yaya aka yi hannunki yake fes? Na shiga ɗaki na haɗa abin da nake haɗawa, na cika 'yar gora. Na sayi ɗauri guda ban kwance ba, na sa aka kai mini shi har gaban Madugu, na ce ina son ganinsa shi kaɗai.

Ban yi dogon bayani ba. Na kama igiyar da hannu biyu na murza, na kwance, na shafa igiyar har gwiwar hannu. Muka zauna muna hirar tsadar gero har hannuwana suka yi kore shar. Sannan na tsiyaya ruwan gorar na wanke. Ya fita kamar ƙurar hanya.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce nawa.

Na ce ban zo sayarwa ba, na zo shawara ne, irin ta ɗa da uwa. Na ce masu jakuna sun yi yawa a garin nan, masu gadi ma haka, kuma na ji an ce Sarkin Ɓarayi mutum ne mai kyauta. Ni kuwa takardarmu ta hana ni maganar murhu, ba ta hana ni sayar da ruwa a gora ba. Ya ce in faɗi gida nawa nake so. Na ce gida ɗaya ya ishi mai kwana ɗaya-ɗaya. Abin da nake so a dawo da maginin nan daga tsibiri, a gina murhuna, kowane ayari da zai fita da itace ya fita da shi, a kuma rubuta yawansa da lokacinsa, malamaina biyu su karanta. Muddin murhu na fita, gorata na rufe.

Ya ce in ji tausayinsa, shi ɗaya ne cikin tara, sauran takwas ba za su yarda a kashe kasuwar itace ba. Yana magana yana share gumi, sai hannun rigarsa ya zame. Na ga hannun. Kore ne, sabo ɗanye, alhali na ranar goro ya isa ya saɓe tun bara. Kuma duk birnin an san mabuɗin taskar da su tara suke tara ribarsu, wadda ita ma aka barbaɗe da lallen, a wuyansa shi kaɗai yake.

Na dubi hannun, na dubi rufin ɗaki, na ce Allah sarki, ashe jikokin Madugu sun iya tsokana.

Ya ja hannun riga ya rufe koren. Sannan ya ce zai shawo kansu, ai kiryar ma tana bukatar hutu. Na ce ban ji ba. Ya ce ya sallama.

Na tashi ina gyara lulluɓi, sai ya matso ya rage murya, ya miƙo hannuwan duka biyu.

"Iya, gyara fa?"

Na riga na faɗa, ba a haifi wanda zai ce na hana ba. Na kama hagun na wanke masa tas, har ƙarƙashin farce. Ya miƙo daman. Na toshe gorata.

"Wannan na hannun da ake gaisawa da shi ne, ranka ya daɗe. Ba ya shiga gyara. Ranar da na ga yatsuna uku a kasuwa, ka zo mu yi magana."

Kafin ruwan farko ya sauka murhu ya fito, da tambarina a goshinsa. Ya kai Tsandauri, ya wuce. Mata suna tuƙa tuwo da kara ɗaya suna sa albarka, suna kiransa murhun kamfani. Yatsun ukun kuwa an ce na wani aljani ne da ke yi wa Madugu aiki. Kasona na zuwa, ba yabo ba fallasa, domin sun sa masa kuɗin da sai mai hali.

Madugu ya zo da hannun damansa kamar yadda muka yi, na yi masa kuɗi, ya biya bai nemi ragi ba. Na ɗauka shi ke nan. Bayan wata biyu sai ga shi da hantsi ta ƙofar baya, hannu cikin riga. Daga baya na bakwai cikin su taran ya gano hanya, sannan na uku, kowa yana roƙona kada 'yan'uwansa su ji. Yanzu har tabarma na ware musu, ina kuma tsara zuwansu don kada su haɗu a zaure.

Na ƙirƙiri abin da ya ciyar da ƙasashe bakwai, na ƙirƙiri abin da ya tsare taskar sarakuna, amma babu wanda ya riƙe ni da tsufana kamar wankin hannun manya.

A nan tawadata ta ƙare, hikayar ma ta ƙare. Allah ya jiƙan Korau, ya jiƙan namu da naku. Wanda ya karanta ya karanta kyauta. Wanda kuma yake son jin abin da ke cikin gorar, ya zo da tayinsa, ya kuma zo da abin zama, don zai daɗe.